Idon makiyayi, likitan farko na garke: halin da ake ciki a Filinge da ƙasar Kurfai

Da hantsi, a bakin rijiyoyin da ke cikin kwarin Dallol Boso, za ka ga dattijo tsaye gefe guda, ya dogara da sanda, yara na jan guga, shanu na shigowa kashi-kashi. Wanda bai san kiwo ba zai ɗauka hutawa yake yi, alhali shi ne mai aikin da ya fi na kowa nauyi a wurin. Yana duba wadda ta zo a baya, da wadda ta sha ruwa kaɗan ta janye, da wadda kunnenta ya faɗi, da wadda gashin jikinta ya tashi. Yana lura da majina a hanci, da ɗingishi, da kalar kashi. Kafin malamin dabbobi ya ji labari, kafin a ɗauki jini a kai ɗakin bincike a Yamai, wannan kallon ne ke fara gano cuta a garke.

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, yaya garke zai kasance ranar da idon da ke wannan awo ya fara dushewa? Shirye-shiryen kiwon lafiyar bisashe sun saba ƙididdige allurai, da firjin ajiye su, da yawan kawunan da aka yi wa rigakafi, ba kasafai suke tambayar ko mai riƙe da sirinjin yana ganin layukan da ke jikinsa ba.

Ƙasar da noma da kiwo suka haɗu

Garin Filinge yana da tazarar kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a jahar Tilaberi, kan hanyar da ta bi ta Baleyara. Shi ne babban garin ƙasar Kurfai, inda Kurfayawa ke zaune tare da Zabarmawa, Fulani da Buzaye. Dallol Boso tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe tuntuni, amma ruwan ƙasa bai da nisa a cikinsa, shi ya sa rijiyoyi da garake suka yawaita, bisashe kuma ke sauka a nan da rani. Arewa da garin kaɗan akwai tashar kiwo ta Tukunus, wadda tun zamanin mulkin mallaka aka san ta da renon shanun Azawak, jajayen shanun nan masu yawan nono.

A irin wannan ƙasa, mutum ɗaya ne manomi da damana, mai yankan kara da kaka, mai saran reshen gawo da bazara don ciyar da awaki, mai jan ruwa duk shekara. Matarsa ce mai tatsa, mai sussuka da shiƙa, mai itace, mai girki cikin hayaƙi. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan yana da hanyar da yake taɓa ido.

Matsalar ta game duniya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan gani a 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu da an iya kare su, ko kuma har yanzu ba a yi musu maganin da ke akwai ba. A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da makanta suka ƙiyasta cewa mutum miliyan 13 ne ke fama da raunin gani mai nasaba da aikinsu, kuma ana samun raunin ido kusan miliyan 3.5 a wuraren aiki kowace shekara. Makiyayi da manomin karkara ba su da mai gidan da zai saya musu kayan kariya, ba su da inshora, raunin da suka ji ma sau da yawa ba ya shiga kowane littafi.

Rabin mililita

Matsalar da ta fi yawa ita ce wadda aka fi rainawa. Idan mutum ya kai wajen shekara 40, ƙwayar da ke cikin ido tana fara taurara, sai ganin abu na kusa ya yi wuya. Mutum zai hango saniyarsa daga nesa ya faɗi sunanta, amma zura zare a allura ya gagare shi, lambar waya ma sai ya miƙa hannu nesa kafin ya karanta. Kowa zai gamu da wannan in ya yi tsawon rai. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da su sun nuna mutum miliyan 826 na cikin wannan hali ba tare da tabarau ba.

A harkar dabbobi abin yana da tsada. Maganin oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wanda kusan kowane makiyayi ya sani, ana ba da mililita 1 ne ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Ibamektin na allura, maganin tsutsa da kaska da ƙazuwa, mililita 1 ne ga kilo 50. Ke nan akuya mai kilo 25 rabin mililita take bukata, wato 'yan ƙananan layuka a jikin sirinji. Wanda ba ya ganin layukan sai ya yi kirdado. In ya rage, cutar ba ta mutu ba, ƙwayoyinta kuma sun fara sabawa da maganin. In ya zarce, ya yi asarar kuɗi, wani lokaci har da dabbar. Akwai maganin tsutsar ciki da ta hanta mai suna kulosantel wanda likitocin dabbobi suka tabbatar yana makantar da tumaki da awaki har abada idan aka wuce kima. Raunin idon mai shi na iya zama sanadin makantar tunkiyarsa.

Haka ranar ƙarewar wa'adin magani, da adadin kwanakin da ya kamata a jira kafin a sha nono ko a yanka dabba bayan allura: duk da ƙananan haruffa ake rubuta su a jikin kwalba. A kasuwannin ƙauye, inda jabun magani ke cakuɗe da na ƙwarai a faifai ɗaya, mai saye ba shi da abin dogaro sai idonsa.

Abin ya fi shafar mataimakan likitocin dabbobi na ƙauye. Tun farkon shekarun 2000 Nijar ta rungumi tsarin da ake kira SVPP, inda likitan dabbobi mai zaman kansa ke jagorantar mataimaka da al'umma ta zaɓa daga cikinta. Al'umma takan zaɓi mutum mai hankali da aka yarda da shi, irin wannan mutum kuwa sau da yawa ya haura arba'in. Ana ba shi horo, da jakar magani, da sirinji, da littafin rubuta rahoto, ba lalle a gwada masa ido ba.

Maganin wannan matsala tabarau ne na karatu, wanda ba ya bukatar tiyata ko na'ura mai tsada. Wani gwaji da aka yi a gonakin shayi na Assam a ƙasar Indiya, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa masu tsinkar ganyen da aka ba tabarau sun ƙara yawan abin da suke tsinka a rana da kusan kashi 22 cikin 100. Cire kaska daga hantsar saniya, cire ƙaya daga kofato, ɗinke rauni, tsintar tsakuwa daga hatsi, duk aikin kusa ne irin wannan.

Ƙaya, ƙaiƙayi da ruwan tumfafiya

Da bazara, idan ciyawa ta ƙare, makiyayi yakan hau gawo ko aduwa ya sare reshe, ko ya tsaya a ƙasa yana kakkaɓo 'ya'yan itace da doguwar sanda, fuskarsa sama. Ƙaya da ɓawo da ƙura kai tsaye suke faɗowa cikin ido. Da kaka kuma ganyen hatsi da na dawa ne ke shafar ido, sai ƙaiƙayi wajen sussuka da shiƙa. Ga jelar saniya lokacin tatsa, ga ƙaho, ga igiyar guga idan ta tsinke ta dawo.

Ƙarzuwa kaɗan a kan baƙin ido takan warke cikin kwana biyu idan ba ta kamu da ƙwayar cuta ba. Amma raunin da tsiro ya yi yakan shigar da ƙwayoyin cuta, har da irin na funfuna masu wuyar magani. Cikin 'yan kwanaki sai wurin ya zama gyambo, in ya warke ya bar hakiya, in bai warke ba idon ya fashe. Abin da ke raba wanda ya tsira da wanda ya rasa ido shi ne saurin zuwa likita: a cikin kwana ɗaya ko biyu, man shafawa na ido mai kashe ƙwayoyin cuta yakan wadatar, bayan mako guda kuwa aikin ya koma na ƙwararru.

A nan ne maganin gida ke yin ɓarna. Akan ɗiga ruwan ganye, ko nono, ko ruwan sukari, wasu har fitsarin saniya, duk waɗannan kuwa ƙarin ƙwayoyin cuta suke kaiwa cikin buɗaɗɗen rauni. Ɗigon idon da ake saye a tebur ba tare da takardar likita ba shi ma haɗari ne. Da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, mai kwantar da ja da zafi nan take, amma yana ba gyambon funfuna damar yaɗuwa, kuma yawan amfani da shi na tayar da hawan jinin ido.

Akwai raunin da ruwa ne kawai maganinsa na farko. Farin ruwan tumfafiya, wadda ta cika gonaki da makiyayar da ta gaji, yana gusar da gani na kwanaki idan ya fantsama cikin ido, sau da yawa ba tare da zafi mai yawa ba, shi ya sa ake sakaci da shi. Gamsheƙa mai tofi ido take nufa. Binciken da likitoci suka yi a yankin Zariya a shekarun 1970 ya nuna tofinta na iya kai mutum ga makanta. Haka maganin feshin kaska da na ƙwarin wake idan iska ta juyo da shi. A duk waɗannan, a buɗe ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 zuwa 20, sannan a tafi likita, a riƙe kwalbar maganin idan shi ne sanadi.

Rana, ƙura da yana

Wanda ya shekara talatin yana bin shanu cikin rana da hunturu, idonsa na ɗauke da shaidar haka. Wata tsoka takan tsiro daga gefen farin ido ta nufi baƙin, rana da iska da ƙura ne ke haddasa ta, kuma tana iya rufe gani idan ta kai tsakiya. Hasken rana yana kuma daga cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, wadda ita ce babbar sanadin makanta a duniya. Malfa mai faɗi irin ta Fulani da rawanin da ke sauka kan gira kariya ce ta gaske, tabarau mai tare hasken rana kuma ƙari ne a kai.

Yana tana da magani: tiyata ta ƙasa da awa ɗaya, a cire ƙwayar da ta yi fari a sa ta roba. Sai dai har yanzu a ƙasar Hausa akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke. Mutum yakan ga haske a ranar, ya yi murna, daga baya kumburi ko hawan jinin ido ya biyo. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanyar aka bi da su, kuma mafi yawansu sun kasance makafi. Abin da ke kai mutane hannun waɗannan masu tsinke sananne ne: su suna zuwa har ƙofar gida, asibiti kuwa yana nesa.

Hawan jinin ido ya fi yana mugunta, domin ba ya ciwo da farko, daga gefe yake cin gani, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Makiyayin da ya fara rasa dabbobin da ke gefen garke, ko yake yawan tuntuɓe, ko wanda aka taɓa samun makanta a danginsa, ya kamata a auna masa ido tun yana shekara 40.

Cutar da mutum da dabba suka yi tarayya

A 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a yankin Cintabaraden na jahar Tawa, maƙwabciyar Tilaberi ta gabas, ya kashe fiye da mutum 30, akasarinsu makiyaya. Alamarsa a garke ita ce yawan ɓari da mutuwar ƙananan dabbobi, mutum kuma yakan kamu ta hanyar taɓa jini, mahaifa ko ɗan da aka ɓarar, ko cizon sauro. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a cikin kowane mutum 100 da suka kamu, ɗaya ko biyu cutar kan taɓa musu bayan ido mako 1 zuwa 3 bayan fara zazzaɓin, kuma idan ta taɓa tsakiyar wurin gani, kusan rabinsu ba sa warkewa. Duk wanda ganinsa ya dushe bayan zazzaɓi a lokacin da bisashe ke ɓari, labarinsa ya kamata ya kai ga likitan mutane da na dabbobi baki ɗaya.

Ƙuda ma na tarayya ne. Shi ke ɗaukar ciwon idon shanu daga wannan zuwa waccan, har saniya ta yi ta hawaye, idonta ya yi fari, ta kasa kiwo. Wani nau'insa kuma shi ke yaɗa amodari tsakanin yara. Amodari ya fi ƙamari a jahohin Damagaram, Maraɗi da Difa, amma duk inda ruwa ya yi ƙaranci, ƙuda ya yi yawa, yana iya samun wurin zama. Kamuwa a kai a kai tun yarinta ce ke sa gashin ido ya juya ciki yana gogar baƙin ido a lokacin girma, mata kuma sun fi maza shiga wannan hali nesa ba kusa ba, saboda su ke tare da yara. Shirin kula da lafiyar ido na ƙasa, tare da abokan aiki irin su Cibiyar Carter da Helen Keller, ya daɗe yana yaƙar cutar ta hanyoyi huɗu: tiyatar fatar ido, rabon magani, wanke fuska, da tsabtar muhalli. Gina masai da nisanta turke daga ɗakin kwana suna amfanar yaro da maraƙi a lokaci guda.

Dundumi ma haka. Rashin sinadarin bitamin A ne ke sa yaro ko mai ciki su kasa gani da magariba, shanun da suka yi watanni ba su ci ɗanyen haki ba su ma yana kama su. A ƙarshen rani, lokacin da nono ya janye, gida da garke tare suke shiga wannan rashi. Hanta, ƙwai, man shanu, zogale, mangwaro da kabewa duk suna da sinadarin.

Darasin makantar kogi

Nijar ta riga ta nuna cewa ana iya raba masu aikin daji da makanta. A kudu maso yammacin jahar Tilaberi, a bakin kogin Kwara da rassansa, ƙaramin baƙin ƙuda mai hayayyafa cikin ruwa mai gudu ya daɗe yana makantar da masunta da manoma, har mutane suka riƙa gudun ƙasa mai albarka. Shirin yaƙi da cutar na Afirka ta Yamma ya fara a 1974 da feshin wuraren hayayyafar ƙudan, daga baya aka ƙara da rabon magani. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar kogi.

Maganin da ya taimaka a wannan yaƙi, Mectizan, ibamektin ne, wanda aka fara sayarwa a 1981 a matsayin maganin dabbobi kafin kamfanin Merck ya fara ba da shi kyauta don mutane a 1987. Masanan da suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, sun samu kyautar Nobel a 2015. Wannan ba izini ba ne ga kowa ya sha ko ya ɗiga maganin dabba a idonsa, domin ƙarfinsa da haɗinsa daban ne.

Abin da za a iya yi a wurin rigakafi

Babbar matsalar Kurfai nisa ce. Akwai asibitin gunduma a Filinge da ƙananan cibiyoyin lafiya a garuruwa, amma tiyatar ido mai wuya sai an dangana da Yamai, a manyan asibitocin gwamnati ko asibitin ido na Makka. Rashin tsaro ya ƙara tsawaita hanyar: a 2017 aka sa sassan jahar Tilaberi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an kuma sha hana zirga-zirgar babura, alhali babur shi ne motar ɗaukar marar lafiyar ƙauye. Ga shi makiyayi ba ya barin garke kwana uku sai ya samu wanda zai tsaya masa.

Amma akwai lokacin da makiyaya ke taruwa da kansu. Kowace shekara gwamnati na gudanar da rigakafin ciwon huhun shanu da na annobar awaki da tumaki, mutanen da ba a ganinsu a likita sukan kwana a layi da garkensu. Haka ranar Lahadi a kasuwar Baleyara, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bisashe na yammacin ƙasar. Ƙasar Cadi ta gwada haɗa rigakafin yara da mata da na dabbobi a tsakanin makiyaya tun shekarar 2000, aka ga mutane sun fi fitowa, kuɗin mota da na ma'aikata kuma ya ragu saboda an raba shi. Gwajin gani ya fi allura sauƙin ɗauka: allo mai alamomin da ba sa bukatar iya karatu, igiyar auna tazara, tocila, da akwatin tabarau masu ƙarfi daban-daban.

Matakin farko shi ne a gwada idon kowane mataimakin likitan dabbobi a ranar da aka fara ba shi horo, a sa tabarau cikin jakar kayan aikinsa tare da na kariya don ranar feshi. Na biyu, a koya masa alamomin da ke bukatar gaggawa a wurin mutum: jan ido mai zafi bayan rauni, farin ɗigo a kan baƙin ido, gani da ya gushe farat ɗaya, gashin ido mai gogar ido. Aikinsa ya tsaya ga wankewa da ruwa da tura mutum likita, ba shi zai yi magani ba. Na uku, ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN da gidajen rediyon al'umma su riƙa sanar da ranakun da tawagar tiyatar yana za ta zo tun da wuri, da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci, a kuma tabbatar an kai mata, domin su ne aka fi bari a baya idan tafiya ta ƙunshi kuɗin mota da ɗan rakiya.

A 2021 ƙasashen duniya suka amince da burin ƙara yawan masu samun tabarau da maki 40 cikin 100, da masu samun tiyatar yana mai inganci da maki 30, kafin 2030. Ranar gani ta duniya kuma tana faɗowa ne a Alhamis ta biyu ta watan Oktoba, daidai lokacin da ake ɗaure dammunan hatsi a Kurfai, bisashe na gangarowa daga arewa don cin kara, ƙaiƙayi na tashi a kowace masussuka. Tawagar da za ta fita rigakafin bana tana da wuri a bayan mota, kusa da akwatin ƙanƙara, da zai ɗauki allon gwaji da akwatin tabarau.